Sawun Takalmin Hannah

Ranar Alhamis da safe, tun kafin a kaɗa ƙararrawa, labari ya gama makarantar 'yammatan nan da ke bayan Tudun Fulani: an sace koren akwatin Malam Ndayako. Akwatin ƙarfe ne mai ƙaton kwaɗo, duk ya yi tsatsa, kuma a cikinsa malamin ladabtarwan yake tara wayoyin da ya ƙwace a hannun ɗalibai. Jiya-jiyan nan Madam Margaret, shugabar makarantar, ta yi shela cewa ranar Juma'a za a kira iyaye, kowace yarinya ta buɗe wayarta a gabansu a ga abin da ke ciki. Tun daga lokacin babu 'yar babban aji da ta sake cin abinci da daɗi.

Baba Maiwada maigadi yana zaune a bakin ƙofa aka zo kiransa. Shekara talatin ya yi yana bin sawun shanun sata daga Minna har dazukan Beji, sai da gwiwa ta gaza ya dawo gadin makaranta. Ya sha faɗa cewa ɓarayin shanu sun fi 'yammatan birni sauƙin sha'ani, don su in ka kama su ba sa murguɗa maka baki. Abu ɗaya ya zaunar da shi a ƙofar nan: jikarsa Sa'adiya, marainiyar ɗansa, da ke aji biyar. Amarya yake ce mata, irin wasan kaka da jika. Ranar ma da farin ciki ya fito, don jiya da yamma ya ga Amarya ta wanke farin hijabinta na makaranta ba tare da an roƙe ta ba, abin da rabonsa da gani tun bara.

Yana zagayawa bayan ofis ya dafe kai. An yi ruwa jiya da rana, ƙasa ta yi laushi kamar tuwo, irin ƙasar da mai bin sawu ke addu'ar samu, amma 'yammata sun fi ɗari a kai, suna tattakawa, suna leƙe, suna shewa.

"Ku matsa! Ku matsa, don girman Allah! Wannan wace irin masifa ce?"

"Ba sai ka wahala ba, Baba," in ji Malam Ndayako, yana ɗaga wata baƙar leda. "Na riga na gama aikin."

Ya zaro sandal guda biyu, duk laka. An lika wa dunduniyar na dama guntun taya, kuma ga zanen tayar nan raɗau a ƙasa, daga ƙofar baya ta ofis ya nufi katanga. Duk makarantar babu wadda ba ta san takalmin nan ba, don an daɗe ana yi wa mai shi dariya. Tana tsaye a gefe ba takalmi, ta sunkuyar da kai. Hannah Irimiya ce, 'yar aji shida, 'yar manoman Gbagyi, wadda saura kwana goma sha ɗaya ta fara jarrabawar fita.

Madam Margaret ta fito tana fifita da takarda. "Baba, ni ba na son dogon magana. Na aika a kira baban yarinyan nan daga gona. Ƙarfe biyu in rubuta mata takardan kora, in kira folis. Ba za ta zauna jarrabawa a makarantana ba."

"Madam, a ba ni zuwa ƙarfe biyun."

"Ka yi me? Ba ga takalmi ba?"

"Takalmi na gani," in ji Maiwada. "Ban ga ƙafa ba tukuna."

*

Ya kai Hannah ɗakin gadi, ya ba ta benci. Idonta ya kumbura, amma ta daina kuka.

"'Yata, jiya da la'asar ina kike?"

"Ranar wasanni ne, Baba. Kowa ya cire sandal ya sa kambas, aka tara su ƙarƙashin dalbejiya. Ni Malama ta aike ni ɗibo ruwa a famfon baya."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai. Ba mai yarda ya bi ni. In na ɗauko bokiti sai su bi ni a baya suna kwaikwayona, wai Bagwariya ta fito. Har bidiyo suka yi mini, ya zaga unguwa."

"Da kika dawo, takalminki fa?"

"Yana wurin, amma da laka. Na ce ko wata ce ta taka mini."

"Wa kika yi faɗa da ita kwanan nan?"

"Vivian. Na rubuta sunanta cikin masu surutu, ta ce sai ta ga bayana."

Maiwada ya yi tsaki. Sunan nan kaɗai ya isa ya tayar masa da ciwon gwiwa.

*

Vivian 'yar Sabon Gari ce, shugabar wata ƙungiya ta 'yammata biyar da ke kiran kansu Manyan Yara. Sau uku ana yanke mata farce a gaban asambili, sau uku yana dawowa da sabon launi. Ta zo tana taunar cingam, ta jingina da ƙofa kamar ita ke biyansa albashi.

"Abeg, Baba, ni fa ban taɓa akwatin kowa ba."

"Tofar da abin nan, ki tsaya sosai. An duba rajista, ba ki je filin wasa ba. Kina ina?"

"Ina nan."

"Ina ne nan?"

Ta juya ido sama. "To, Baba, amma kar ka gaya wa Madam. Na bi ta ɓarakar katanga tun sha biyu. Bazday ɗin ƙawata aka yi a Shango."

"Ranar makaranta? Da kayan makaranta?"

"Haba Baba, na canza a cikin Keke mana."

Kafin ya buɗe baki ta sunkuya ta zaro waya daga cikin safa, ta fara nuna masa hotuna: ga ta da kek, ga ta tana turo baki, ga lokaci a rubuce, huɗu da rabi.

"Ba wayarki na cikin akwatin ba?"

"Waccan ta ƙwacewa ce, Baba. Ba komai a ciki sai waƙoƙin coci. Wannan ce ta gaske."

Wato yarinyar da ya fi zargi ba ta da ko dalilin satar akwatin, don ta riga ta yi wa makarantar wayo tun farkon zango. Ya miƙa hannu ya karɓe wayar, ta yi ta rantse-rantse, bai ko kalle ta ba. Takaici ya ishe shi, ga rana ta ɗaga.

*

Ya ɗauki sandarsa ya koma kan sawun, ya faro daga inda 'yan kallo ba su kai ba. Nan ne fagensa. Ya durƙusa da ƙyar, ya karanta ƙasa.

Mai tafiyar tana ɗauke da kaya mai nauyi, wannan a fili yake, don sawun ya nutse. Amma ya nutse daidai wa daida, dama da hagu, taku gajere-gajere a miƙe. Kuma takalmin ya yi mata yawa, dunduniyar na jan ƙasa kaɗan kafin ta tashi. Ya bi a hankali har gindin mangwaron da ke dab da ɓarakar katanga, ɓarakar da ya kai ƙara a kanta sau bakwai ana ce masa sai an yi taron iyaye. A nan sawun ya rikice: ƙafa biyu sun tsaya wuri ɗaya, sun ja baya taku ɗaya, sannan yatsu sun dasa a ƙasa irin na wanda ya rage tsawo.

Ya ɗaga kai. A jikin reshen da ya gitta hanyar, sama da kansa kaɗan, ɓawo ya ɗaye, ga koren fenti da jan tsatsa sun manne.

Maiwada ya yi murmushi, karo na farko tun safe. Ya gwada tsayin reshen da sandarsa, ya yi alama da farce. Sai ya sake duban sawun bayan mangwaron, inda mai tafiyar ta saki jiki ta daina lura da takunta, ya ga yadda ƙafar hagu ke buɗewa waje. Murmushin ya tafi. Ya san wani da yake tafiya haka, ya kuma binne shi shekara tara da suka wuce. Ya ce a ransa masu irin wannan tafiya ai da yawa a duniya, ya miƙe ya ci gaba da bi.

Sawun ya fita ta ɓarakar ya shiga wani kango. Akwatin na nan a lungu, an rufe shi da buhunan siminti, kwaɗonsa ko ƙwarzane babu. Wadda ta ɗauke shi ba wayar sayarwa take nema ba. So take Juma'a ta zo ta wuce.

*

Ƙarfe ɗaya da rabi ya sa aka kawo akwatin bayan ofis, ya roƙi Madam ta tara masa duk wadda rajista ta nuna ba ta filin wasa jiya. Su huɗu ne: Hannah, Vivian, wata 'yar firit mai suna Sharifa da ta ɓuya a banɗaki don ba ta son gudu, da Sa'adiya, wadda ta ce wa malama cikinta na ciwo. Malam Irimiya, mahaifin Hannah, ya iso da lakar gona a wando, ya tsaya rungume da hularsa yana kallon ƙafafun 'yarsa. 'Yammata kuwa an kore su aji, amma kowace taga ta cika da kawuna.

"An ga akwati, alhamdu lillahi," in ji Malam Ndayako. "Sai dai hakan bai wanke ta ba. Takalminta ne ya kai shi."

"Takalminta ne," in ji Maiwada. "Hannah, ɗauki akwatin nan ki wuce ta ƙarƙashin mangwaron can."

Hannah ta durƙusa, ta jawo akwatin, ta murza shi ya hau kafaɗarta ta dama ya kwanta a bayan wuya, ta miƙe. Nan take tagogi suka ɓarke da dariya, wata har da buga tebur.

"Ku yi dariya!" Maiwada ya juya ya daka musu tsawa. "Ku yi da kyau, marasa kunya! Abin da kuke wa dariya shi zai fitar da ita yau."

Ta wuce ƙarƙashin reshen, ko kusa akwatin bai kai ba. Ya kira Madam ya nuna mata ƙasa da bakin sanda.

"Dubi nata na yanzu: ƙafar dama ta fi nutsewa, don kayan a dama suke. Dubi na jiya: duka biyu ɗaya. Na jiya a ka aka ɗauka. Ga inda akwatin ya bugi reshe, ga fentinsa, ga inda mai shi ta ja baya ta rage tsawo. Malam Irimiya, 'yarka tana ɗaukar kaya a ka?"

"Ko tulu ba ta taɓa ba," in ji mutumin a hankali. "Kakarta ce ta raine ta. Mu a gidanmu ba a ɗora wa kai kaya, kafaɗa ke ɗauka. In ka ɗora mata a ka ma taku biyu ba za ta yi ba."

Madam Margaret ta daina fifita. Malam Ndayako ya dubi ledar hannunsa kamar yanzu ya fara ganinta.

"To wa ya ɗauka?" in ji Madam.

"Vivian tana Shango tana cin kek, wannan maganarku ce da ita daga baya, ga wayarta ta biyu. Sharifa, zo nan." Ya tsayar da ita kusa da sandarsa, ya nuna alamar farcen. "Ko akwati biyu aka ɗora mata ba za ta taɓo reshen nan ba. Koma."

Saura ɗaya. Maiwada ya daɗe yana kallon ƙasa. Da za a ba shi zaɓi, da ya gwammace ya koma dajin Beji da gwiwar nan tasa ya kwana bakwai yana bin shanu.

"Zo ki taka nan," ya ce.

"Kaka, cikina fa..."

"Taka."

Ta yi taku huɗu a kan laka. Ƙafar hagu ta buɗe waje, sak ta ubanta. Bai nuna wa kowa wannan ba, nasa ne shi kaɗai.

"Ba a ɗora akwatin ƙarfe a kan tsurar kai," ya ce wa Madam. "Sai da gammo. Yarinya kuma a filin makaranta ba ta da tsumman naɗa gammo sai abin da ke jikinta. Madam, ke mace ce, duba cikin hijabinta. A bai-bai ta sa shi yau."

Madam ta ɗaga gefen hijabin ta juya. Ga shi nan, jan tsatsa layi-layi inda aka murɗe yadin, da ɗigon kore. An sha shi da sabulu har yadin ya yi laushi, amma tsatsa ba ta fita. Tagogin nan da ba su taɓa yin shiru ba tun da aka gina makarantar suka yi tsit.

Sa'adiya ta zube a ƙasa ta fashe da kuka.

"Kina da waya?" in ji Maiwada.

Ta gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Vivian ce ta haɗa ni da wani ya saya mini. Sun ce ba a shiga Manyan Yara ba waya."

"Ni kar a sa sunana!" in ji Vivian. Kallo ɗaya Madam ta yi mata ta haɗiye sauran.

"Wato tana cikin akwatin nan. Me ke cikinta da ya kai ki sata?"

"Rawa ce muke yi a kango... ba hijabi. Da hirarmu da shi. Da bidiyon Hannah, ni na ɗauka." Ta ja majina. "Kaka, kowa babansa zai zo daga gida, ya ƙi zuwa ma in ya ga dama. Ni kana bakin ƙofa. Kunyarka na ji. Wallahi ranar Litinin zan dawo da shi."

"Kunyata kika ji." Ya maimaita, yana jinjina kai. "To takalmin 'yar mutane fa? Shi me ya yi miki?"

"Ban ɗauka za a kore ta ba. Kai ne kake ba mu labarin ɓarawon nan da ya sa takalmin maƙwabcinsa, aka kama maƙwabcin..."

Maiwada ya rufe ido. Labarin nan ya ba ta shi ya fi sau ashirin a tsakar gida, tana zaune da littafi a cinya, kanta a sunkuye. Ashe ba littafin take kallo ba.

"Ƙarshen labarin fa? Yaya ya ƙare?"

Ta girgiza kai.

"Ba ki sani ba. Ba ki taɓa saurara har ƙarshe ba. Kwana biyu maƙwabcin ya yi a tsare, rana ta uku na kamo ɓarawon da hannuna, don takalmin kawai ya ara, tafiyar tasa ce. Ko satar ma rabin darasi kika ɗauka!"

Ya juya mata baya. Haushi yake ji, da kunya, da wani tausayi da bai nema ba, duk a lokaci ɗaya.

*

Madam Margaret ta yage takardar korar da ta riga ta shirya gida biyu. Ta je gaban Malam Irimiya ta ba shi haƙuri, ta ce Hannah za ta zauna jarrabawarta, kujerarta na nan. Mutumin bai ce komai ba sai "Mun gode wa Allah," ya sa hularsa. Sannan ta jawo Maiwada gefe ta rage murya.

"Baba, saboda kai ne. Zan ce an ga akwati a kango, ba a san wanda ya kai ba. Yarinyan ta je gida sati biyu, a ce ba ta da lafiya."

"Madam, da safe da kika ce za ki kira folis, saboda wa kika rage murya?"

Ta kau da kai.

"Abin da dokar makaranta ta ce, a yi mata. Ni dai roƙona a toshe ɓarakar can, wannan karo na takwas ke nan."

Ya karɓi ledar daga hannun Malam Ndayako, ya zaro sandal ɗin, ya ajiye a gaban jikarsa.

"Tun safe yarinyar nan take tsaye ba takalmi, kina kallo ta taga. Je famfo ki wanke su tas, ki kawo ki ajiye a gaban ƙafarta, a gaban babanta."

Ta ɗauka ta nufi famfo. Aka tsaya jiranta. Da ta dawo ta durƙusa ta ajiye, ta ce, "Ki yafe mini." Hannah ta zura ƙafafunta, ta dube ta ɗan lokaci, ta ce, "Ki goge bidiyon." Ta bi bayan babanta.

"Ba za ta goge komai ba sai na gani," in ji Maiwada. "Malam Ndayako, gobe ka nemi mai tsare maka ƙofa. Ina cikin iyaye, kuma ni ne na farko a layi."

Aka kaɗa ƙararrawar tashi. 'Yammata suka yi ta fita, yau kam ba shewa, kowace ta zo wucewa sai ta gaishe shi ta sauke kai. Ya jira har makarantar ta watse, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo. Jikarsa na rakuɓe a jikin katanga tana jiran ya kira ta Amarya yadda ya saba kullum in za su tafi gida, ko da cikin faɗa ne, don ta san in ya kira ta haka akwai sauran gyara.

Ya saka makulli a aljihu, ya ɗauki sandarsa, bai waiwayo ba.

"Sa'adiya," ya ce, "wuce mu tafi."